Wayarin Tsohuwar A-Kori-Kura: Yadda Ake Gane Kayan Wutar Da Ba A San Sunansa Ba

A ƙauyuka da yawa, mota a-kori-kura ita ce jakin gari. Ita ke kai hatsi kasuwa. Ita ke kawo taki da iri. Idan ciwo ya tashi da dare, ko naƙuda ta zo da gardama, ita ke kai mara lafiya asibiti. Ranar da ta kwanta, gari duka ne ya kwanta.

Yawancin waɗannan motoci sun tsufa. Zafin inji da zafin rana sun busar da robar wayoyinsu. Ɓera ya ci wasu. An yi wa wasu ƙari da ɗauri har ba a san asalinsu ba. Idan abin ya yi yawa, sai a ce a sake wayarin gaba ɗaya.

A nan ne matsala ke tasowa. Ana cikin kwance tsofaffin wayoyi, sai a ci karo da wani ɗan abu. Wani kamar akwatin ashana. Wani kamar farin alli. Wani kamar ɗan gwangwani. Mai mota bai san shi ba. Yaron shago bai taɓa ganinsa ba. Sai wani ya ce: "Oga, a yar da shi, a haɗa wayar kai tsaye." Wannan shawara ta kashe motoci da yawa. Ta ƙone wasu ƙurmus.

Masu ƙera mota ba su sa abu don ado a cikin inji. Kowane ɗan abu yana da aikinsa. Akwai hanyar gane shi, ko da babu littafin motar.

ASALIN WAƊANNAN MOTOCI

Sanin ƙasar da mota ta fito yana taimakawa, domin kowace ƙasa da irin alamominta.

Peugeot, wato fijo, motar Faransa ce. Samfurin 404 ya fito a 1960. Samfurin 504 ya fito a 1968. A 1975 aka fara harhaɗa fijo a Kaduna, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a can har cikin shekarun 2000. Shi ya sa ta yi yawa a arewacin Nijeriya da kudancin Nijar.

Toyota Hilux da Datsun motocin Japan ne. An fara yin Hilux a 1968. Land Rover kuwa motar Ingila ce.

Amma a lura. Tsohuwar mota ta wuce ta hannu da yawa. Ana iya samun bodin fijo da injin wata mota. Ana iya samun altanetar Japan a motar Faransa. Saboda haka sunan da ke goshin mota bai isa ba. Sai an duba abin da kansa.

YADDA WUTA KE TAFIYA A MOTA

Wutar mota tana kama da ruwan noman rani. Batir shi ne tafki. Wayoyi su ne hanyoyin ruwa. Makulli shi ne bakin da ake buɗewa da toshewa. Fitila da hon da kik su ne fangalin da ake shayarwa.

Bambanci ɗaya ne. Ruwa in ya shiga fangali ya tsaya. Wuta kuwa dole ta koma gida. Tana fita daga kan batir mai alamar ƙari (+). Tana bi ta waya zuwa wurin aikinta. Daga nan sai ta bi ta ƙarfen jikin mota ta koma kan batir mai alamar ragi (-). Shi ya sa ake ɗaure waya mai kauri daga kan ragi zuwa jikin mota. Idan hanyar komawa ta yanke, ko ta yi tsatsa, babu abin da zai yi aiki.

Ana samun tsohuwar Land Rover ta kafin 1967 da aka ɗaure kan ƙari ne a jikin mota. A duba wannan kafin a sa batir.

Akwai ma'auni uku na wuta:

1. Bolt shi ne ƙarfin turin wuta. Alamarsa harafin V. Batirin ƙaramar mota 12V ne.
2. Am shi ne yawan wutar da ke gudu. Alamarsa harafin A.
3. Om shi ne ƙuncin hanya. In om ya yi yawa, wuta kaɗan ce za ta wuce.

Kayan wutar mota duka ayyuka kaɗan suke yi. Wani yana buɗe hanya da rufe ta. Wani yana rage wuta. Wani yana tsare mota daga gobara. Wani yana kai labari gaban direba. Wanda ya riƙe wannan ya yi rabin aiki.

KAFIN A TAƁA KOMAI

Na farko, a kashe mota, a cire kan batir. A fara cire wanda ke ɗaure da jikin mota, wato kan ragi a yawancin motoci. In za a mayar, shi ne na ƙarshe. Dalili shi ne, idan aka fara da kan ƙari kuma sufana ta taɓa bodi, wuta za ta yi tartsatsi mai tsanani.

Na biyu, a cire zobe da agogon ƙarfe. Wutar batir ba ta jan mutum kamar wutar gida, amma tana iya mayar da zobe ja wur a yatsa.

Na uku, kada a sha taba ko a kawo fitilar ƙwai kusa da batir. Batir yana fitar da wata iska mai kamawa da wuta. Haka kuma a nisantar da galan ɗin fetur.

Na huɗu, kada a yanke waya sai an yi mata shaida. A naɗa farin salatif ko takarda a kowace waya, a rubuta lamba: 1, 2, 3. A sami littafi a rubuta inda kowace lamba ta fito da inda ta nufa. A zana hoton abin yadda yake zaune. Wanda ke da wayar salula mai ɗaukar hoto ya ɗauka ta kowane gefe. Kai yana mantuwa, takarda ba ta mantuwa.

Na biyar, kada a yar da tsofaffin wayoyi sai mota ta tashi kuma ta yi kwanaki tana aiki lafiya.

TAMBAYOYI BIYAR

Duk abin da aka tarar ba a san shi ba, a yi masa tambayoyi biyar.

Tambaya ta 1: A ina yake zaune? Abin da ke kusa da kwayil, na tayar da inji ne. Abin da ke kusa da altaneta ko dainamo, na cajin batir ne. Abin da ke ƙarƙashin sitiyari, na fitilu ne ko sigina. Abin da aka murɗa cikin jikin inji, mai kai labarin mai ne ko na zafi.

Tambaya ta 2: Ƙafa nawa gare shi? A ƙirga wuraren da waya ke shiga. Mai ƙafa ɗaya yana mayar da wutarsa ta jikin mota. Mai ƙafa biyu, wuta ce ke shiga ta fita. Mai huɗu ko biyar, galibi rile ne.

Tambaya ta 3: Ina wayoyinsa suka nufa? A bi kowace waya da hannu har ƙarshenta. Wannan ita ce tambayar da ta fi ba da amsa. Ana gane mutum ta abokan tafiyarsa.

Tambaya ta 4: Me aka rubuta a jikinsa? A goge shi da tsumma mai ɗan kananzir. A duba sama da ƙasa da gindin kowace ƙafa. A kwafe kowane harafi da kowace lamba a littafi, ba ragi ba ƙari.

Tambaya ta 5: Me yake yi idan wuta ta shiga? Idan tsohon wayarin yana nan, a mayar da batir a saurara. Wani yana yin ƙas sau ɗaya. Wani yana ƙas-ƙas-ƙas. Wani yana ɗaukar zafi shiru.

HARUFFA DA LAMBOBI

Alamomin da ke gindin ƙafafu ba na banza ba ne. Ga waɗanda aka fi gani.

A kayan Faransa: BAT yana nufin wutar da ta fito daga wajen batir. RUP a jikin kwayil yana nufin ƙafar da ke zuwa kwantak. DYN na dainamo ne. EXC ita ce wayar da ke sarrafa caji. Fijo kuma tana da wata al'ada: ta fi dogara ga lambar da aka buga a jikin waya fiye da launinta. Wayoyi biyu masu launi ɗaya suna iya yin aiki dabam. A nemi lambar kusa da bakin wayar.

A kayan Jamus, kuma an yi koyi da su a ƙasashe da yawa: 30 wutar batir ce kai tsaye. 15 wuta ce ta bayan an murɗa makulli. 31 jikin mota ne. 50 wayar kik ce. 1 ƙafar kwayil ce mai zuwa kwantak. 85 da 86 da 87 na rile ne. 49 da 49a na filasha ne.

A kayan Japan: B batir. IG makulli. E jikin mota. L fitila. F da N suna zuwa altaneta.

A tsofaffin kayan Ingila: SW a jikin kwayil na zuwa makulli. CB na zuwa kwantak.

FARIN DUTSE KUSA DA KWAYIL

Abin da ya fi rikita mutane shi ne wani farin abu na tangaran. Tsawonsa kamar yatsa ne, ko ya ɗan fi. Yana da ƙafa biyu, wani lokaci fiye. Idan aka juya bayansa, ana iya ganin siririyar waya a nannaɗe. Yana zaune a jikin kwayil ko kusa da shi. Ana yawan ganinsa a tsofaffin Toyota da Datsun masu kwantak. Masu sana'a suna kiransa razista. Aikinsa rage wuta.

A gwada shi da tambayoyin nan. Yana kusa da kwayil. Ƙafarsa ɗaya tana zuwa makulli. Ɗayar tana zuwa ƙafar ƙari ta kwayil. Ba ya ƙara, amma yana zafi. Waɗannan shaidu sun isa.

Me ya sa za a rage wa kwayil wuta? Ga dalili.

Kwayil shi ke karɓar ƙaramar wutar batir ya mayar da ita fiye da bolt 10,000. Da ita fulogi ke yin tartsatsin da ke ƙona fetur. Lokacin da ake tayar da mota, kik yana zuƙe wuta mai yawa, fiye da am 100. A wannan lokaci ƙarfin batir yana faɗuwa zuwa bolt 9 ko 10. Ke nan a daidai lokacin da ake son tartsatsi mai ƙarfi, a lokacin ne wuta ta yi rauni.

Sai masu ƙera mota suka yi dabara. Suka yi kwayil da ke ƙoshi da ƙaramar wuta, kamar bolt 7 zuwa 9. Idan inji yana aiki, wuta tana bi ta razista, ta ragu, sannan ta isa kwayil. Idan kuwa ana murɗa kik, akwai waya ta biyu da ke tsallake razista ta kai wa kwayil duk wutar da ke akwai. Wannan waya tana fitowa daga jikin kik ko daga makulli. Da an saki makulli, sai ta daina aiki.

Saboda haka kwayil iri biyu ne. Akwai mai tafiya da razista. Ƙuncinsa kamar om 1.5 ne. Akwai wanda ba ya bukatar razista. Ƙuncinsa kamar om 3 ne. A ido kamarsu ɗaya.

Ga lissafi mai sauƙi. Ana raba bolt da om a sami am. Bolt 12 a raba da om 3, an sami am 4. Wannan shi ne abin da kwantak ke iya ɗauka. Kwayil mai om 1.5 da razista mai om 1.5, an haɗa om 3, an sami am 4 ɗin. Idan aka yar da razista, saura om 1.5. Bolt 12 a raba da 1.5, an sami am 8. Wuta ta ninka.

Abin da zai biyo baya shi ne:

1. Mota za ta tashi lafiya a ranar farko. Kowa zai ce aiki ya yi kyau.
2. Kwayil zai riƙa zafi har ba a iya taɓa shi.
3. Bakin kwantak zai riƙa ƙonewa, ana canzawa yana sake ƙonewa.
4. Wata rana mota za ta mutu a tsakiyar daji da kaya a bayanta.

Akwai kuskure na biyu. Idan aka sa razista a gaban kwayil mai om 3, wuta za ta yi kaɗan. Tartsatsi zai yi rauni. Mota za ta riƙa shaƙewa a hawa, kuma ta riƙa wuyar tashi.

Akwai kuskure na uku. An mayar da razista amma an manta da waya ta biyu mai tsallake shi. Mota za ta yi aiki, amma za ta riƙa gardamar tashi da safe, musamman lokacin hunturu ko in batir ya yi sanyi.

Razista da ya mutu yana da alama bayyananna. Ana murɗa makulli inji zai kama. Ana sakin makulli zai mutu. Dalili kuwa, waya ta biyu ce kaɗai ke kai wuta. Wanda ya san wannan alama ba zai ɓata kuɗi a kan kafireta ko famfon mai ba.

Zafin razista ba lalacewa ba ne. Haka aikinsa yake. Amma a ɗaure shi a jikin ƙarfe. A nisantar da shi daga tiyon fetur da robar wayoyi.

Abu ɗaya kuma. A wasu motoci babu farin dutsen. Maimakonsa an ɓoye wata waya ta musamman mai rage wuta a cikin damin wayoyi. Wanda ya yar da tsohon dami ya yar da ita. Shi ya sa ya kamata a auna kwayil kafin a gama sabon wayarin. In mai om 1.5 ne, a nema masa razista. Ko kuwa a sayi kwayil mai om 3.

SAURAN ABUBUWAN DA AKE TARARWA

Kwandansa. Ɗan gwangwani ne kamar gaɓar yatsa, mai waya ɗaya. Wanda ke jikin distiributa dole ne. Yana hana bakin kwantak ƙonewa, yana ƙarfafa tartsatsi. Idan ya mutu, mota za ta riƙa tari ko ta ƙi tashi. Akwai mai kama da shi a jikin altaneta, ko a ƙafar ƙari ta kwayil. Wannan na hana rediyo ƙara ne. Mota tana tafiya ba shi.

Kat'awut. Akwati ne mai murfi, a bangon ɗakin inji. Wayoyinsa suna zuwa dainamo ko altaneta. Shi ke daidaita caji. Idan ya mutu, batir zai riƙa ƙarewa. Idan aka tsallake shi, ruwan batir zai tafasa, ƙwayayen fitila su riƙa mutuwa. Na dainamo dabam, na altaneta dabam. Ba a musanya su. Sababbin altaneta suna da nasu a ciki. Idan an taɓa canza altanetar mota, ana iya tarar da tsohon akwatin yana zaune ba aiki. Bin wayoyinsa ne zai nuna haka.

Rile. Ɗan akwati ne mai ƙafa huɗu ko biyar. Shi kamar ɗan aike ne. Ƙaramar wuta tana shiga 85 da 86, sai ya yi ƙas, ya haɗa 30 da 87, babbar wuta ta wuce. Ana sa shi a hon da manyan fitilu. Idan aka cire shi, babbar wuta za ta bi ta maɓallin hannun direba ta narkar da shi.

Filasha. Yana da ƙafa biyu ko uku, yana ƙarƙashin sitiyari. Shi ke sa sigina ƙiftawa. Idan ƙiftawar ta canza, a fara duba ƙwan sigina. Galibi ɗaya ne ya mutu.

Fiyus. Shi ne mai gadin mota. An yi shi ne don ya ƙone kafin waya ta ƙone. Lambar da ke jikinsa, kamar 10A ko 15A, ita ce iyakar wutar da zai bari ta wuce. A mayar da mai lamba ɗaya. Kada a sa waya ko takardar kwalin sigari a madadinsa. Idan sabon fiyus ya sake ƙonewa, akwai wayar da ta goge tana taɓa ƙarfe. A neme ta.

Gajeriyar waya mai laushi kusa da kan ƙari na batir. Ana samunta a motocin Japan. Ita ma fiyus ce, babba. Idan ta narke, ta ceci mota ne. Kada a maye gurbinta da waya mai kauri.

Masu kai labari. Wanda aka murɗa cikin jikin inji, mai waya ɗaya, sau da yawa kusa da matatar baƙin mai, shi ke kunna jar fitilar mai. Wanda ke saman inji kusa da hanyar ruwa shi ke motsa allurar zafi. Wanda ke jikin giya na fitilar baya ne. Mota tana tafiya ba su, amma direba ya zama makaho. Baƙin mai zai iya ƙarewa bai sani ba, inji ya buga.

Fankar fijo. A wasu 404 da 504, fankar inji ba ta kamawa sai ruwa ya yi zafi. Akwai wani maɓalli a jikin lagireto, da wata waya mai zuwa bayan fanka. Idan aka manta da su wajen wayarin, inji zai riƙa zafi a cunkoso da hawa.

Ɗan ƙarfe mai waya ɗaya a jikin kafireta. Yana buɗe hanyar mai idan an murɗa makulli. In babu wuta a jikinsa, mota ba za ta tsaya a silo ba. A injin dizal akwai irinsa a jikin famfon mai. In babu wuta a nan, inji ba zai tashi ba.

GWAJI DA ƘWAN FITILA DA MITA

Fitilar gwaji ba ta da tsada. A sami ƙwan fitilar mota mai 12V, a haɗa masa waya biyu. A ɗora ɗaya a ƙarfen mota, a taɓa wurin da ake zargi da ɗayar. In ya kama, akwai wuta.

Don gwada razista a hannu, a haɗa ƙafarsa ɗaya da kan ƙari na batir. A haɗa ɗayar da ƙwan, sannan ƙwan da kan ragi. In ƙwan ya kama, hanyar cikinsa ba ta yanke ba. In bai kama ba, ya mutu.

Mita ta fi ba da labari. Ga lambobin da za a riƙe:

1. Batir cikakke, mota a kashe: kamar bolt 12.6.
2. Inji yana aiki: tsakanin bolt 13.5 da 14.5. In bai kai ba, babu caji sosai. In ya haura 15, caji ya yi yawa.
3. Razistar kwayil: kamar om 1 zuwa 2.
4. Ƙafar ƙari ta kwayil, makulli a kunne, bakin kwantak a rufe: in akwai mai rage wuta a hanya, mita za ta nuna ƙasa da 12 sosai. In bakin kwantak a buɗe yake, za ta nuna 12 ko da akwai shi. Kada a bar makulli a kunne ya daɗe.

Ana auna om ne bayan an cire wayoyin abin. A fara haɗa bakunan mita biyu a ga lambar da ta nuna, sannan a cire ta daga sakamako.

Akwai gwaje-gwaje biyu da suka zama ruwan dare, kuma dukansu ɓarna ne. Ɗaya shi ne goga waya a jikin mota don a ga tartsatsi. Ɗayan shi ne cire kan batir inji yana aiki don a ga ko akwai caji. Wannan na biyun yana iya kashe altaneta nan take.

WAJEN SAYE DA HAƊAWA

Idan tambayoyi biyar ba su warware ba, a kwance abin a tafi da shi. A haɗa da littafin da aka yi rubutu. A nuna wa tsohon mai wayarin da ya daɗe a kan irin motar. Matambayi ba ya ɓata. A manyan kasuwannin kayan mota, irin su Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna, ana samun waɗanda suka san tsofaffin kaya da ido. A gwama lamba da lamba, ƙafa da ƙafa. Kama da wane ba ta wane.

A sayi wayar mota mai silli da yawa a ciki. Wayar gida mai silli ɗaya tana karyewa da girgizar hanya. Kaurin sabuwar waya ya kai na tsohuwa, ko ya fi. Inda waya za ta ratsa ƙarfe, a sa mata zoben roba. A nisantar da ita daga salansa. A kankare tsatsa a duk inda waya ke ɗaure da jikin mota.

Wayar da ba a gane ta ba, a naɗe bakinta da salatif, a ɗaure ta gefe. Kada a haɗa ta da wuta don gwaji.

Ranar da za a mayar da batir, a kashe komai. A ɗan taɓa kan batir a gani. In ya yi babban tartsatsi, akwai kuskure, a tsaya. In lafiya, a gwada abubuwa ɗaya bayan ɗaya. A sa hanci. Warin roba alamar haɗari ne. A ajiye bokitin yashi kusa. Ba a kashe wutar fetur da ruwa.

ABUBUWAN TUNAWA

1. A cire kan batir kafin a taɓa waya.
2. A yi wa kowace waya shaida, a rubuta a littafi.
3. A yi wa baƙon abu tambayoyi biyar.
4. Kada a tsallake razista, ko fiyus, ko kat'awut.
5. A auna kwayil, a san irinsa.
6. Abin da ba a gane ba, a kai wa wanda ya sani.

Mai mota yana da haƙƙin ya tambayi mai wayarin sunan duk abin da aka cire da aikinsa. Ya karɓi tsohon ya ajiye. Littafin nan kuma ya zauna a cikin mota, domin mai gyara na gaba ya amfana. Kuɗin razista ko fiyus bai kai kuɗin taya ɗaya ba, amma rashinsu yana iya cinye mota da kayan da ke bayanta. Rigakafi ya fi magani. Allah ya kiyaye hanya.